Disgust, Loathe ko Abhor: Wace Kalmar Turanci Ce Ta Dace da Ƙyamar da Kake Nufi?

A kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu ita ce sakatariyar wata ƙungiyar mata a unguwarsu, ta turo mini takardar sanarwa da suka shirya raba wa 'yan jarida bayan an kama wata mata da ta riƙa ƙona hannun yarinyar da aka ba ta riƙo. Hausar takardar ba ta da makusa, domin cewa suka yi: "Muna ƙyamar wannan aika-aika, kuma muna yin Allah wadai da ita." Da aka zo juya ta zuwa Turanci sai jimlar farko ta koma "We disgust this act." A ƙasan saƙon ta rubuta: "Malam, don Allah a duba mini wannan layin, kunnena yana gaya mini bai zauna ba, amma na rasa inda matsalar take." Kunnenta bai yaudare ta ba. Abin da jimlar ta faɗa shi ne su matan ƙungiyar ne abin ƙyama, aika-aikar kuma ita ce ke ƙyamarsu, wato maganar ta kife, kai ya koma ƙasa. Ko da kuwa an gyara ginin jimlar, akwai sauran aiki, domin kalmar da ta ɗauko ba ita ce ta fi dacewa da abin da ke zuciyarsu ba.

Tushen wahalar yana cikin faɗin kalmarmu. Ƙyama a Hausa buhu ce mai cin kaya da yawa. Wanda ya ga ƙuda ya faɗa cikin furarsa ya ture ƙwaryar gefe, ƙyama ce ta kama shi, ko ƙyanƙyami idan muna son mu matse ma'anar. Wanda ya ce yana ƙyamar cin amana ko cin dukiyar maraya, ba cikinsa ne ke juyawa ba, imaninsa da tarbiyyarsa ne suke magana. Wanda ya ƙi zama kusa da kuturu a cikin mota, shi ma ƙyama muke cewa ya nuna. Bahaushe yana gane wadda ake nufi daga zancen da ke kewaye da kalmar. Turanci kuwa ya rarraba wannan kaya cikin kalmomi kusan bakwai, kuma kowace tana nuna wurin da ƙyamar ta zauna a jikin mutum ko a rayuwarsa: a ciki, a fata, a zuciya, a aƙida, ko a gaban alƙali. Wanda duk zai zaɓi ɗaya daga cikinsu, tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa ba ita ce wacce ta fi ƙarfi ba. Tambayar ita ce a ina wannan ƙyamar take zaune.

Disgust ita ce kalmar da kowa ya fara sani, kuma asalinta yana kan harshe. Ta shigo Turanci daga Faransanci wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma gininta guda biyu ne: ɓangaren farko mai kore abu, da na biyu mai nufin ɗanɗano, wanda ya samo tushe daga gustus ta Latin. Ma'anarta ta farko ke nan, ɗanɗanon da baki ya ƙi karɓa. Har yau idan aka ce disgust, hoton da ke fara zuwa wa mai jin Turanci shi ne yamutsewar fuska, hanci ya tattare, leɓen sama ya ɗaga, mutum ya kau da kai kamar zai tofar da yawu. Charles Darwin ya yi bayaninta a littafin da ya wallafa a 1872 kan yadda mutum da dabba suke bayyana abin da ke ransu, inda ya ba da labarin wani mutumin tsibirin Tierra del Fuego, can ƙarshen Kudancin Amurka, wanda ya sa yatsa ya taɓa naman gwangwani mai sanyi da Darwin ke ci. Mutumin ya nuna ƙyamar laushin naman, shi kuma Darwin ya ji ƙyamar an taɓa masa abinci, alhali da bakinsa ya ce hannun mutumin bai yi kama da mai datti ba. A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Pennsylvania, Paul Rozin, shi da abokan aikinsa sun tsoma mataccen kyankyaso da aka riga aka kashe duk ƙwayoyin cutar da ke jikinsa a cikin ruwan 'ya'yan itace, suka cire shi, suka miƙa wa mutane. Mutanen sun san babu abin da zai cutar da su, amma sha'awar shan ta fita daga ransu. Wannan ita ce disgust a ainihinta, kuma ita ce ƙyanƙyami a wurinmu: ba ta jiran hujja, kuma hujja ba ta cika kore ta ba.

Saboda haka duk inda maganar ta shafi warin kwata a tsakiyar damina, ko mushen da ya kumbura a bakin hanya, ko banɗakin tasha da aka kwana biyu ba a wanke ba, disgust da 'yarta disgusting su ne gidan zuwa, babu buƙatar neman wata. Kalmar ta kuma tsallaka zuwa halayen mutane, ana iya cewa an ji disgust da ƙaryar wani shugaba ko da rashin kunyar wani ɗan kasuwa. Sai dai a nan ne take da rauni, domin yawan amfani ya sa ta sassauta, ta koma kusa da takaici da ɓacin rai. A Ingila har akwai laƙabin "Disgusted of Tunbridge Wells", wanda ake yi wa irin mutumin da ba ya gajiya da rubuta wa jaridu wasiƙar ƙorafi kan kowane ƙaramin sauyi. Idan aka ce ɗan kallo ya bar filin ƙwallo "in disgust", ba amai ne ya taso masa ba, haushin wasan ne ya ishe shi. Kalmar da za ta iya ɗaukar haushin ƙwallo ta yi sauƙi ga hannun yarinyar da aka ƙona.

Ga kuma tarkon da ɗalibata ta faɗa, wanda na sha ganin masu digiri ma sun faɗa cikinsa. A Hausa mai jin ƙyama shi ne ke gaba a jimla: ina ƙyamarsa. A wurin disgust kuwa abin ƙyamar ne ke gaba, mai jin ƙyamar ya biyo baya: "It disgusts me." Idan mutum yana son ya sa kansa a gaba, dole ya ce "I am disgusted", ya bi ta da by ko at idan abu ne ko aiki, ko with idan mutum ne. Wanda ya ce "I am disgusting" ya shaida wa duniya cewa shi kansa ƙazami ne. Harafi biyu ko uku ne a ƙarshen kalma, amma su ne ke raba mai ƙyama da abin ƙyama, kuma kuskuren yana da saurin faruwa domin tunaninmu na Hausa yana tura mu kai tsaye zuwa gare shi.

Revulsion ta fi disgust tsanani, kuma ta fi ta gaggawa. Tushenta na Latin yana nufin fizgewa ko tumɓukewa da ƙarfi, kuma da farko kalmar likitoci ce: a tsohon tsarin magani na Turai, janye jini ko ciwo daga wani sashe na jiki zuwa wani shi ake kira da wannan suna, aikin da bai yi nisa da abin da wanzami yake nufi ba idan ya kafa ƙaho. Daga baya ne ma'anar ta koma ga yadda mutum yake zabura ya ja da baya idan ya ci karo da mummunan abu. Wannan fizgewar tana nan a cikin kalmar har yau. Ita ce abin da ke kama mutum a daƙiƙar da aka buɗe masa hoton gawarwakin da aka yi wa kisan gilla, kafin ma ya samu bakin magana. Shi ya sa 'yan jarida suke son ta idan suna bayyana yadda jama'a baki ɗaya suka ji bayan wani ta'asa, sai su ce "public revulsion" ko "a wave of revulsion". Iyakarta ita ce suna ce kawai a amfanin yau da kullum, ba ta da aikatau da za a ce mun yi wa abu kaza. Ana jin ta, ana bayyana ta, yawanci da at a bayanta. Tana ba da labarin abin da ya faru da jiki da zuciya a wani lokaci, ba ta bayyana matsayar da mutum ya tsaya a kai shekara da shekaru.

Wanda ke neman kalmar da ke daɗewa, loathe ce tasa. Ita kaɗai ce a cikin waɗannan ba ta biyo ta Latin ko Faransanci ba, gadon tsohon Turanci ce tun fiye da shekara dubu, kuma tana da dangantaka da kalmar Jamusanci leid mai nufin baƙin ciki ko cuta. Watakila shi ya sa take da ɗumin jiki irin na maganar cikin gida. Loathe tsana ce da ta haɗu da ƙyama, irin wadda muke cewa ya ƙi jininsa, ko ya tsane shi kamar mutuwarsa, ba ya ko son a ambaci sunansa a inda yake zaune. Tana kama mutum, tana kama wuri, tana kama aiki: ana iya loathe tsohon abokin da ya ci amana, ko aikin da mutum yake tashi kullum da asuba yana tafiya ba don yana so ba. Abin lura shi ne ba ta ɗauke da hukuncin cewa abin da aka tsana laifi ne. Mutum yana iya loathe kuɓewa ko hayaniyar kasuwa, babu wanda zai fahimci cewa yana ganin masu cin kuɓewa a matsayin masu zunubi. Magana ce ta ni da raina. Wannan ne ƙarfinta a cikin labari ko wasiƙa, kuma shi ne ya sa ba ta dace da bakin ƙungiya ko hukuma ba, domin sanarwar da ta ce "we loathe" tana kama da ta mutanen da ke da wata tsohuwar gaba, ba ta masu kare wata ƙa'ida ba.

A kula da tagwayenta, loath, wadda ba ta da harafin e a ƙarshe. Wannan sifa ce, ma'anarta kuma mai sauƙi: rashin son yin abu, ko jan ƙafa. "He was loath to sell the farm" na nufin bai so ya sayar da gonar ba, ransa bai ba shi ba, babu tsana ko ƙyama a ciki. Furucinsu ma ya bambanta, ta farko tana ƙarewa da sautin da ke farkon this, ta biyu kuma yawanci da sautin da ke ƙarshen both. Su kansu Turawa suna rikita su a rubutu.

Detest ba ta buƙatar dogon bayani, domin a yau kusan wuri ɗaya take kwana da loathe, sai dai ta fi ta sanyi da nisa da jiki, ƙin kai ne fiye da juyawar ciki. Asalinta ne ke da ban sha'awa ga Bahaushe: a Latin tana nufin la'antar abu tare da kiran abin bauta ya zama shaida, wato kusan abin da muke yi idan muka ce Allah wadai. Wannan nauyin ya zube a hanya. Akwai wuri ɗaya da nake jan kunnen masu fassara a kansa. Wasu littattafan fiƙihu na Turanci suna fassara makaruhi da detestable, kuma mai karatun da bai san fiƙihu ba zai ɗauka abin ya fi haramun muni, alhali makaruhi shi ne abin da barinsa ya fi, amma ba a azabtar da wanda ya aikata shi. A irin wannan wuri disliked ko discouraged sun fi kusa da gaskiyar hukuncin.

Yanzu sai abhor, wadda a ganina ita ce kalmar da masu rubutu a cikinmu suka fi buƙata kuma suka fi rashin sani. Gininta na Latin yana da ɓangare biyu: ab, mai nufin nisanta, da horrere, mai nufin gashi ya miƙe tsaye saboda firgita, tushen da ya haifi horror. Duk Bahaushe ya san wannan yanayin, domin shi ne muke cewa tsigar jikina ta tashi. Abhor ke nan a asali, tsigar jiki ta tashi har mutum ya ja da baya. Amma a tsawon ƙarnonin da ta yi a Turanci, tun daga ƙarni na 15, ta tashi daga fata ta koma aƙida. A yau wanda ya ce "I abhor cruelty" ba labarin wani abu da ya gani jiya yake bayarwa ba. Yana gaya maka ko shi wane ne, da abin da ba zai taɓa yarda da shi ba ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Abubuwan da ke biyo bayanta kusan kullum ayyuka ne da halaye: zalunci, wariyar launin fata, bautar da mutane, azabtarwa, cin zarafin yara, kisan wanda bai ji ba bai gani ba.

Tarihin Ingila ya adana misalin da ke nuna daɗewar wannan amfani a bakin jama'a. A 1679 da 1680 rikici ya yi tsanani kan ko James, ƙanen Sarki Charles na Biyu, zai gaji sarauta alhali shi ɗan Katolika ne. Sarki ya ƙi barin majalisa ta zauna, sai masu adawa suka riƙa tara sa hannu suna kai koke a kira ta. Magoya bayan sarki su ma suka riƙa aika takardu suna bayyana abhorrence ɗinsu ga wannan katsalandan a ikon sarki, har aka laƙaba musu suna Abhorrers, masu koken kuma Petitioners. Waɗannan ɓangarori biyu su ne aka sani daga baya da Tory da Whig, manyan ɓangarorin siyasar Ingila na wancan lokaci. Tun a wancan zamani ke nan kalmar take aikin da take yi yau, na bayyana matsayar taro a rubuce a gaban hukuma.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin Suratul Hujurat, aya ta 12, inda aka kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce, aka ce fakarihtumuhu. Marmaduke Pickthall a fassararsa ta 1930 da Abdullah Yusuf Ali a tasa da ta fara fitowa a 1934, dukansu abhor suka zaɓa, yayin da fassarar Saheeh International ta ɗauki detest. Ina ganin na farkon sun fi dacewa, kuma dalilin yana koyar da yadda kalmar take aiki. Ayar ta ɗauko abin da jiki yake ƙi da kansa, naman gawa, ta ɗora shi a kan abin da ya kamata imani ya ƙi, cin naman mutane da baki. Tafiyar da ayar ta yi daga jiki zuwa aƙida ita ce tafiyar da abhor ta yi a tarihinta, don haka kalmar tana riƙe da ɓangarorin biyu a lokaci guda, abin da detest ba ta iya yi sosai.

Ta fuskar nahawu abhor ta fi disgust sauƙi a gare mu, domin tana bin tsarin Hausa: mai ƙyama a gaba, abin ƙyama a baya, babu wata ƙaramar kalma a tsakani. Ana ninka r idan an ƙara mata wutsiya, abhorred, kuma nauyin furuci yana kan gaɓa ta biyu. Sunanta abhorrence, ana bin sa da of. Sifarta abhorrent, ana bin ta da to idan za a ambaci wanda abin ya dama. Kada a rikita abhorrent da aberrant, wadda ke nufin abin da ya kauce wa yadda aka saba kawai. Kurakurai biyu ne na fi gani. Na farko shi ne ɗora ta a kan ƙaramin abu, kamar ɗalibin da ya rubuta mini cewa yana abhor tuwon da ya kwana. Nufinsa ba ya so, amma ya yi magana kamar ɗumame laifi ne a kan bil'adama. Na biyu shi ne ɗora ta a kan mutum. Nahawu bai hana ba, sai dai kalmar ta fi zama daram a kan aiki, kuma akwai hikima a hakan, tunda ana iya ƙyamar zalunci har abada ba tare da an rufe wa azzalumi ƙofar tuba ba. Akwai kuma tsohuwar maganar masana, "nature abhors a vacuum", wadda ke nufin halitta ba ta barin gurbi fanko sai wani abu ya cike shi. A nan babu ƙyama ko kaɗan, karin magana ce da ta daskare, kuma 'yan siyasa suna yawan aro ta idan kujera ta zama babu kowa.

Repugnant tana zaune kusa da abhorrent a maganar yau da kullum, amma tana da wata rayuwa ta biyu da duk ɗan Najeriya mai hulɗa da takardun shari'a ya kamata ya sani. Tushenta pugnare ne, wato faɗa, don haka ma'anarta ta asali ita ce abin da ke karo da wani abu. Tun zamanin mulkin mallaka dokokin kotuna suka tanadi cewa za a yi aiki da al'adar mutane muddin ba ta kasance "repugnant to natural justice, equity and good conscience" ba, wato muddin ba ta ci karo da adalci da daidaito da sanin ya kamata ba. Da wannan ma'auni ne kotu ta ƙi amincewa, a shari'ar Edet da Essien ta 1932, da al'adar da ke mallaka wa mutum 'ya'yan da matarsa ta haifa da wani namiji don kawai ba a mayar masa da sadakinsa ba. Da shi ne kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Anekwe da Nweke ta 2014, ta yi watsi da al'adar Awka da ke hana matar mamaci gadon gidan mijinta saboda ba ta da ɗa namiji. A Pakistan ma, Kotun Shari'a ta Tarayya da aka kafa a 1980 tana da ikon duba ko wata doka ta kasance repugnant ga koyarwar Musulunci. A duk waɗannan wurare fassarar da ta dace ita ce "ya saɓa wa" ko "ya ci karo da". Mai fassarar da ya rubuta cewa kotu ta ce al'adar abin ƙyama ce ya sa wa alƙali maganar da ta fi wadda doka ta ba shi zafi, kuma irin wannan fassarar tana iya tayar da husuma a inda hukuncin kansa bai tayar ba.

Abomination ita ce mafi nauyi, kuma ita ce na fi shakkar ba wa kowa shawarar ɗauka. Ta fito daga ab da omen, wato nisantar abin da ake camfa shi da mugun alkaba'i. Shekaru aru-aru Turawa suna rubuta ta da h a tsakiya, domin sun zaci daga ab homine take, abin da ya fita daga ɗabi'ar ɗan Adam, kuma wannan kuskuren ya ƙara mata duhu. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta yi amfani da ita sau da yawa ga abin da Ubangiji ya ƙi, kuma daga nan ta samu amon wa'azi da take da shi har yau. Yusuf Ali ya ɗauke ta ya fassara rijsun a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, inda aka ambaci giya da caca, kalmar da Sheikh Abubakar Gumi ya fassara da ƙazanta a tarjamarsa ta Hausa. A kudancin Najeriya, musamman a ƙasar Ibo, ta zama kalmar yau da kullum ga abin da al'ada ta haramta, shi ya sa ake yawan jin ta a finafinansu idan dattawa sun taru a kan wani abin kunya. Bambancinta da sauran shi ne ba ta bayyana abin da mai magana yake ji, tana yanke hukunci ne cewa abin ya keta wata iyaka mai tsarki. Idan maganar addini ake yi ko ta al'ada, kuma abin da ake nufi ke nan, to ta dace. Idan kuwa aka ɗora ta a kan mutum ko wata al'umma, ta zama cire su daga sahun mutane, kuma mun ga inda irin wannan magana take kai gari.

Akwai kuma ƙyamar da babu ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi da za ta ɗauke ta, kuma a nan ne fassarar kalma da kalma ta fi yin ɓarna. Idan ma'aikatan lafiya suka ce a daina ƙyamar masu cutar kuturta ko masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, abin da suke nufi shi ne tsangwama da wariya, kuma Turancinsa stigma ne ko discrimination. Wanda ya fassara shi da disgust ya tabbatar da abin da ake son a kawar, domin ya nuna kamar marasa lafiyar ne suke da abin ƙyama a jikinsu. Ƙyamar baƙi da muke ji a labaran Afirka ta Kudu xenophobia ce. Tashin zuciya na zahiri kuwa, irin na mai juna biyu ko na wanda mota ta juya wa ciki, nausea ne, kalmar da ta samo asali daga sunan jirgin ruwa a Girkanci saboda amai da teku ke sa matafiya. Raini ma daban yake: wanda ka raina, contempt kake nuna masa ko ka yi despise ɗinsa, kana kallonsa daga sama, alhali mai ƙyama ja da baya yake yi.

Da na mayar wa ɗalibata amsa, na tambaye ta abin da suke son mai karatu ya ɗauka daga layin farko. Idan suna son a san yadda suka ji a ranar da suka je asibiti suka ga hannun yarinyar a naɗe da bandeji, to revulsion ce kalmarsu. Idan kuwa suna son a san cewa wannan abu ne da ba za su taɓa lamunta ba, daga kowa ya fito, to abhor ce. Ta ce, "Malam, duka biyun ne, amma na biyun ya fi muhimmanci, domin ba wannan yarinyar kaɗai ba ce, akwai irinta a gidaje da yawa." Sai muka bar revulsion ta sauka zuwa sakin layi na biyu, inda suka ba da labarin ziyarar asibitin, layin farko kuma ya koma "We abhor this cruelty and condemn it without reservation." Mun sauya act zuwa cruelty domin abhor tana son a kira laifin da sunansa, condemn kuma ita ta ɗauki Allah wadai ɗin da ke cikin Hausar. Sunan matar da aka kama bai fito a jimlar ba, tunda shari'arta tana gaban kotu.